Allurar Dada da Kyanwar Baba

Dada,

Gaisuwa mai yawa daga Alƙahira. Ya jiki, ya mutanen Sheme? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya ƙaurace mani.

Hussaina ta ce likitan dabbobi ya gano ciwon suga a jikin tsohuwar kyanwar marigayi Baba, wai kuma kina raba allurar suganki da ita. Dada, gabana sai faɗuwa yake. Na san a ƙafafunki take kwana tun rasuwarsa, amma in kika yanke jiki kika faɗi, wa zai bi hanyar nan mai hatsari ya kai ki asibiti?

Yaya Mas'udu zai kawo tata allurar ranar Laraba. Don girman Allah ki daina rage taki. Ba ni da wata uwar.

Ɗiyarki,
Suwaibatu