Ka Karɓi Ludayin, Bato

Woodbridge, Virginia

Zuwa ga abin ƙaunata, sanyin idona, ruwan farkon damina a gonar acha, dutsen da na jingina da shi tun ina budurwa har kaina ya yi fari fat, Kofur Bartholomew Dachung, wanda duk duniya ni kaɗai ke da izinin kiransa Bato.

Ga wasiƙar da kake jira ta iso. Irene ce, Irene taka ta Bukuru, ta gidan bayan tashar jirgi. Na san kullum da hantsi kana tsayawa a taga, ƙirji a gaba kamar ranar fareti, kana jiran motar masu raba wasiƙu. Ba wanda ya ba ni labari, ina tsaye a bayanka ne da kwano a hannu. In motar ta wuce sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Yau ma ba ta rubuto ba. Ta yi aure." Na yi aure kuwa, Bato, ba ka yi ƙarya ba. Kai na aura.

Ciwon mantuwa ya shigo gidanmu ba sallama, ya kwashe maka shekaru sama da hamsin, ya mayar da kai bakin daga a yaƙin basasa, ɗan saurayi da bindiga. Na haƙura da ka manta Turanci. Na haƙura da kake ce mini "Mama" kana tambayata hanyar bariki. Amma tun makon jiya ka rufe baki ka ƙi abinci, wai an ba ku oda kada soja ya ci daga hannun matar da bai sani ba, don ana sa guba. Ni ce matar da ba ka sani ba? Ni da na san tabon cinyarka fiye da tafin hannuna? Likita ya ce in bakinka bai buɗe ba zuwa Litinin, za su ɗauke ka zuwa asibiti, su zura maka roba ta hanci, su ɗaure hannayenka don kada ka fizge. Kai kuwa ka taɓa sa ni na yi maka alkawari cewa muddin ina numfashi ba mai ɗaure ka. Tsoro nake ji, masoyina, tsoron da ban ji irinsa ba ko lokacin da kake wajen yaƙin.

'Yarmu Loveth, wadda take aikin nas, ita ta kawo shawara. Ta ce, "Mama, ki rubuta masa kamar har yanzu ana yaƙin, ki ce kina gida kina jiransa. Dadi ba zai gane ba." Na gwada, na yage takardar. Ban taɓa yi maka ƙarya ba, in ban da ranar da na ce muryarka ta dace da mawaƙan coci. Don haka gaskiya zan gaya maka, ka ɗauki abin da za ka iya ɗauka.

Ka tuna safiyar da jirgi ya ɗauke ku? Sanyin Jos yana ratsa ƙashi, sabon takalmin soja ya fi ƙafarka girma, kana ta cika baki wai wata uku kun gama kun dawo. Na zo da gwaten acha a kwano, da yakuwa da gauta yadda kake so. Ka ce ba ka jin yunwa, alhali hannunka ne ke rawa, ba ka so abokanka su gani. Sai na ɗebo da ludayi na fara kurɓa, na juyo maka gefen da bakina ya taɓa, na riƙe maka. Ka shanye kwanon tas, idonka a kaina. Wace rana ce ta taɓa fitowa da haske irin na idanunka a safiyar nan? Jirgi ya tafi da kai, ni kuma na koma gida da kwano wanda na ƙi wankewa sai da mahaifiyata ta yi mini faɗa.

To, saurara da kyau, Kofur: yaƙi ya ƙare. Ka dawo da ɗingishi da shiru mai yawa, na karɓe ka haka. Aka ɗaura mana aure, ka yi gyaran motoci a Kaduna, daga baya ƙafarka da ba ta san zama ba ta kawo mu Amurka. Lokacin da muka sauka a Woodbridge, daji ne da gonaki, barewa ta fi baƙar fata yawa a unguwarmu. Na yi kuka na ce ka kawo ni inda ba mai amsa mini "sannu". Ka ce, "Ki ɗora tukunya, za su zo." Suka zo kuwa, har na gaji da wanke zannuwan gado. Ɗalibai daga Filato, nas-nas daga Kafanchan, ango da amaryar da ba su da ko bargo, duk a ɗakinmu na ƙasa suka fara kwana. Kai ka koya musu tuƙi a kan babbar hanya mai lamba 95 kana yi musu tsawa kamar kurata. A falonmu aka fara sujada da Hausa a garin nan. A garejinmu Alhaji Maitama, ɗan Kano da ka tsinto a tashar bas da akwati ɗaya, ya yi sallar Idinsa ta farko da mutum biyu a bayansa, kai kana tsaye a ƙofa kana gadin takalma. Shi ya laƙaba maka Mai Unguwa, sunan ya bi ka. Jiya ma ya zo da sandarsa, ka sara masa ka kira shi Manjo. Ya amsa maka da kyau, ya fita ya zauna a mota ya daɗe bai tayar ba.

Duk zamanmu, sau ɗaya tak ka ba ni labarin yaƙi. Muna cire ciyawa a yakuwar da ka shuka a bayan gida, ka yi magana ba tare da ka dube ni ba. Ka ce a wani ƙauye da kuka shiga, wata mata mai goyo, ƙasusuwanta duk a waje, ta miƙo maka gutsuren gasasshiyar doya, wataƙila don ka ƙyale su da rai. Sai ka tuna odar nan ta guba, ka buge hannunta, doyar ta faɗi a ƙasa. Ta durƙusa ta ɗauka, ta hure ƙasar, ta tauna ta sa wa jaririnta a baki. Ba guba, Bato, abincinta ne na ranar. Ka ce tun daga nan ka rantse ba za ka sake mayar da hannun da ya miƙo maka abinci ba, kuma ba mai fita daga gidanka da yunwa. A ranar na gane dalilin da tukunyata ba ta taɓa hutawa ba, na daina ƙorafi.

Shekaranjiya ka buge hannuna. Kwano ya kife, gwaten da na je har Hyattsville na nemo masa acha ya malale a ƙasa. Ban yi fushi ba, na rantse maka. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na kwashe abin da ya kwasu, na ci a gabanka. Ka zuba mini ido, leɓenka yana motsi kamar mai neman wata kalma, sai kuma ka juya wajen taga. Wayyo Bato, ka riga ka san ƙarshen wannan labari, ka biya kuɗinsa da dukan rayuwarka. Me ya sa ciwon nan ya bar maka odar, ya ɗauke maka rantsuwar?

Ba na roƙonka ka tuna ni. Na sauke wannan buri, na miƙa wa Ubangiji. In a zuciyarka Irene yarinya ce mai kitso a tashar Bukuru, bar ta a can, ta fi ni kyau, ba na kishi da ita. Ni zan riƙe mana sauran shekarun, da jikokin da ba ka san sunansu ba, da garin da ka kafa ka manta. Abu ɗaya nake nema, hasken gidana, inuwata, mijina: ka ci abinci.

Na sa wa wasiƙar nan kan sarki na kai ta gidan waya da kaina, don ta zo maka a motar da kake jira. Idan ka gama karantawa, ka waiwaya. Za ka ga wata tsohuwa a bayanka, mai farin kai da tabarau, riƙe da kwano. In ba ka yarda ni ce ba, ba komai, ka ɗauka ni na aiko ta. Ga alamar da za ka gane ta da ita: za ta ɗebo gwate da ludayi, ta fara kurɓa, ta juyo maka gefen da bakinta ya taɓa. Ba wanda ya san wannan sai ni da kai. Hannunta zai yi rawa, kada ka damu, tsufa ne. Ka buɗe baki, soja, oda ce daga Irene.

Na jira ka har ka dawo daga wancan yaƙi, ina nan kuma har ka dawo daga wannan. In ba ka dawo ba, ina bayanka da kwano gobe da jibi, har ranar da Mai sama zai kira ɗayanmu.

Taka tun daga tashar Bukuru, ba ta kowa ba,
Irene