Rahoton Da Ya Zo Cikin Kwana Uku

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, wata magana ce ta tsaya mini a rai. Kin san Autanki ya aiko wa mujallarmu maƙalarsa, wadda ya ce ita kaɗai ta rage a yi masa ƙarin girma a jami'a. Ranar da ta iso na gaya wa Edita cewa ɗan yayata ne, don kada a ji daga baya. Ya yi dariya, ya ce ai sakatariya ba ta yanke hukunci, in yi aikina kawai.

Aikin nawa kuwa shi ne in cire sunan marubuci, in aika wa masana biyu su karanta ba tare da sun san mai ita ba, su rubuto ko a buga, ko a gyara, ko a mayar. Idan fannin ba shi da mutane da yawa, marubuci yakan kawo sunaye, Edita ya zaɓa. Cikin waɗanda Auta ya kawo har da wani tsohon Farfesa da muke kira Sai-an-gyara. Shekara goma sha shida ina kan kujerar nan, ban taɓa ganin ya dawo da aiki ƙasa da wata uku ba, kuma sai ka yi ta bin sa da waya. Ya taɓa mayar da maƙalar shugaban sashensu sau biyu.

To wannan karon kwana uku aka yi. Rahoton rabin shafi, yabo tun daga sama har ƙasa, a buga yadda take. Na biyun ma haka, rana ɗaya suka iso. Edita ya ce lalle tsufa ya sanyaya Sai-an-gyara. Na taya shi dariya, amma da na koma teburina na buɗe tsohon littafina na adireshin masana, sai na ga adireshin imel ɗin da Auta ya bayar ba shi ne wanda na sani ba.

Wataƙila ya canza bayan ya yi ritaya. Tun muna makarantar allo aka yi mana kashedi da zato, ina ta istigfari. Kada ki ce wa Auta komai tukuna. Kin san al'adata, duk wanda ya duba mana aiki nakan kira shi in yi godiya. Lambar gidan Farfesan tana wurina.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki lafiya, da fatan ƙafa ta yi dama. Ni ma lafiya, sai dai nauyin zuciya.

Na kira gidan Farfesan ranar Talata. Mai ɗakinsa ce ta ɗauka. Ina cikin jero godiya sai ta ce yau wata biyar da rasuwarsa. Yaya, kunya ta hana ni ko ta'aziyyar kirki. Lambar mai dubawa na biyu kuwa ba ta shiga sam.

Duk da haka na nema wa yaron nan uzuri. Na ce ko wani ya ba shi adireshin, ya karɓa bai bincika ba. Jiya ya biyo ofis da fara'arsa, ya zauna a kujerar baƙi kusa da kabad ɗin fayiloli, yana tsokanata wai ni Innarsa na riƙe masa takarda don kada ya fi ni girma. Tambaya ɗaya na yi masa, na ce yaya jikin Farfesa. Wallahi addu'a nake a zuci ya ce bai san shi ba sai a takarda. Sai ya ce garau yake, makon jiya ma sun yi waya, har ya ce a gaishe ni.

Na dubi yaron da na goya a bayana, na gaya masa abin da matar ta faɗa. Ya daɗe yana juya makullin motarsa. Ashe shi ya rubuta rahotannin da kansa. Daga baya ya roƙe ni in bari a buga, wai ba wanda zai sani, aikin kuma nasa ne, bai saci na kowa ba. Wannan na yarda, don na karanta ta, kuma iya fahimtata da an kai ta hannun masu rai, da wataƙila gyara kaɗan za su nema.

Yau da safe na ajiye fayil ɗin gaban Edita, da littafina a buɗe. An janye maƙalar, za a kuma rubuta wa jami'arsu. Ƙarin girman bana dai babu. Na so ki ji daga bakina kafin ki ji daga nasa. In kin yi fushi ba zan ga laifinki ba, amma amanar a hannuna aka sa ta, kuma sunan mamaci aka yi wa ƙarya.

Jibi zan je gidan Farfesa in yi ta'aziyyar da na kasa. Na gaya wa Auta ƙarfe goma zan fita, in ya ga zai iya kai ni. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ke ce uwa, ki yi masa magana.

Allah ya shirya mana su. Ki yafe mini.

Ƙanwarki