Inda Aka Sa Wilfred

Kafanchan,
14 ga Yuni, 1970.

Zuwa ga yayana Silvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina addu'a wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Hellen da yara a can Legas. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya zauna, mun gama shuka acca. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa. Ta ce in tambaye ka ko tawada ta ƙare a Legas ne, tun Kirsimeti ba ta ga rubutunka ba.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro yana da nauyi, kunya ce ma take neman hana ni. Mildred ta dawo, matar Wilfred na reluwe, maƙwabcinmu da aka kashe a tashin hankalin sittin da shida. Ta dawo daga Gabas da 'yarta ɗaya, ta rame har sai da ta yi magana na gane ta. Mu 'yan zumuntar mata muka ɗaura zanenmu na anko, muka ɗauki tulunan kiɗa da caki, muka tafi gidanta da waƙa kamar masu zuwa suna. Ni da bakin nan nawa da ka sani, ni na tashi na yi jawabi. Na ce yaƙi ya ƙare, a manta da abin da ya wuce, Kirista ba ya riƙo. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce ta gode da maraba, amma shekara huɗu ke nan babu wanda ya yi mata gaisuwar mijinta, ga shi a majami'armu yake karanta Littafi ranar Lahadi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Muka kwashe tulunanmu muka fita ɗaya bayan ɗaya.

Washegari Mama Bernice, shugabar zumunta, ta ce a yi abin da ake yi wa kowa. Muka koma da itace da kunu da tabarmi, ba kiɗa, ba wa'azi. Muka zauna a ƙasa da ita kwana uku. Ta yi kuka, muka yi tare da ita. Ta ba mu labarinsa, yadda yake cin tuwo da cokali muna yi masa dariya. A zaman nan na gane ashe gafarar da na je nema a wurinta saboda hankalina ne ya kwanta, ba nata ba.

Ka san a rana ta uku akan je kabari a yi addu'a. Da lokaci ya yi ta miƙe ta gyara ɗankwali, ta tambayi inda aka sa shi. Kowa ya sunkuyar da kai, har da ni. Amma ni na tuna ranar da ka shigo gida da shebur, wandonka duk jar ƙasa, Baba ya ce kada a ƙara ta da maganar a gidansa. Ni na wanke wandon nan, Yaya. Na san tsoro ne ya rufe bakin Baba, na kuma san alheri ka yi da ka rufe gawar Wilfred da aka bari a fili. Amma Baba ya rasu, mu kuma shirunmu ya zama zunubi. Ina roƙonka saboda Allah ka rubuto mini wurin, ko bayan shedin da ake ajiye jiragen ƙasa ne, ko ta wajen rafi, da wata alama da za mu gane. In za ka sami hutu ka zo ka nuna da hannunka, ya fi. Fasto ya ce a shirye yake.

Ka gaishe mini da Anti Hellen, da Nicholas da Emilia. Mama da Kawu Kambai suna gaishe ku. Ubangiji ya tsare ku.

Kada ka yi fushi, na riga na gaya wa Mildred kai ka sani. Tun daga nan, duk ranar da jirgin Legas ya shigo da wasiƙu, takan riga ni isa gidan waya.

Ƙanwarka,
Afiniki