Baba a Cikin Dalar Giza

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna?

Jiya Baba ya matsa sai ya ga dalar Fir'auna kafin a yi masa aikin zuciya, na kai shi Giza. Hanyar cikinta matsattsiya ce, a sunkuye ake hawa, ga zafi babu iska. Muna tsakiya ya zauna, ya ce, "Sani, numfashina." Na rikice, sai salati nake. Wani Bamisire ne ya taya ni fito da shi.

Ya farfaɗo, amma likita ya matso da aikin zuwa jibi. Yaya, tsoro nake ji. Ku taya mu da addu'a, kada dai a gaya wa Inna tukuna. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani