Shahon Da Ke Kan Giginyarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Yalwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da magana mai nauyi, ban kuma sami wanda zan faɗa wa ba sai ke.

Kin san lambun bakin kogi da kika bar mana, ni da ƙanena Sabi'u. Tun da na ajiye aikin koyarwa, can nake yini. Jikarki Binta ta aiko mini da kyamara, wai in rage zaman majalisa. Da kina nan da kin sha dariya: mutum da furfurarsa, tsugune a gefen fangalin albasa, baki buɗe, yana kallon sama.

Shaho nake kallo, Inna. Abokin gabarki. Mace da namiji sun yi sheƙa a kan giginyarki, har sun ƙyanƙyashe. Na ɗauki hoton uwar tana sauka da ƙadangare a ƙafa, ƴaƴan sun miƙo wuya, jikinsu duk farin gashi kamar auduga. Ban taɓa zaton zan so wani abu haka a tsufana ba.

Kin tuna yaƙinki da shi? Kikan jiƙa galura a tsohuwar tasa, ki tsoma ƴan tsaki ɗaya bayan ɗaya don kada ya gane su, tsakar gida ta cika da ja da kore. Idan inuwarsa ta gifta, ki fito da muciya kina yi masa tsawa har maƙwabta su leƙo. Amma ranar da wani ya ba ki shawarar sa guba, kika ƙi. Kika ce, "Shi ma ƴaƴa gare shi. Ni dai kada ya ciyar da su da nawa."

To, Sabi'u ya fara kiwon kaji a gefen lambun, bayan ruwa ya cinye masa shinkafa bara. Ga iyali. Shaho ya gano wurin, kullum sai ya ɗauka. Na kawo masa maganar galura, ya ce ba shi da lokacin yi wa tsaki kwalliya. Yanzu ya yi magana da masu sara za su kayar da giginyar, ya huta, ya kuma sami azara. Ƴaƴan shahon ko fiffike ba su yi ba.

Na nuna masa hoton. Ya daɗe yana dubawa, wallahi ya daɗe, sannan ya miƙo mini, ya ce hoto ba ya shiga tukunya. Na ce ya jira su tashi, ya ce wasu za su sake zuwa. Na ce ni ne babba, ya ce giginyar tasa ce kamar yadda take tawa. Bai yi ƙarya ba, domin ba mu taɓa raba lambun ba. Ke kika hana. Har a ciwonki na ƙarshe kina cewa, "Kada ku bari igiyar awo ta shiga tsakaninku."

Inna, na je wurin mai unguwa. Na nemi a raba. Na ce a ba ni jigawar da giginyar take, inda ko kuɓewa ba ta yi, a bar masa bakin ruwa gaba ɗaya. Ranar Asabar za a kawo igiyar.

Na yi tsammanin zai zo ya yi faɗa, har na shirya amsa. Bai zo ba. Jiya da hantsi babban ɗansa ya turo baro zuwa ƙofar gidana, ɗauke da injin ban-ruwana da ya daɗe a hannunsu har na manta nawa ne. An wanke shi tas, an cika masa mai. Yaron ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya juya. Injin yana zaure har yanzu, na kasa shigar da shi ciki.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya yalwata wa Sabi'u, Ya sanyaya zuciyarsa a kaina. Ni kuma, idan kuskure nake yi, Allah Ya nuna mini kafin Asabar.

Ɗanki mai kewarki,
Garba