An Raba Rabi'u da Kwanon Mahaifinsa

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da ya watsa shirin kiran waya kan haɗarin tashoshin nukiliya, Dutse.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Dutse, kuma tsohon mai sauraronku ne. Sau da yawa nakan tura ɗalibaina su saurari shirye-shiryenku, washegari mu tattauna a aji. Shi ya sa wannan takarda ta yi mini nauyin rubutawa. Na zo ofishinku ban same ka ba, na bar saƙo, har yau shiru. Tun da a bainar jama'a aka yi maganar, na ga ya dace in kawo kukana a bainar jama'a.

Kukan nawa a kan wani tsohon ɗalibina ne mai suna Rabi'u, ɗan wani ƙauye a ƙasar Kiyawa. Yaro ne mai yawan tambaya. Yana aji ɗaya ya tsayar da ni a bakin ƙofa yana so ya san abin da ya hana rana cinyewa kamar itace a murhu. Daga wannan tambaya ya kama hanya, ya gama jami'a, ya samu gurbin ƙaro ilimi a ƙasar waje, inda ya koyi yadda ake kula da tashar lantarki ta nukiliya. Ya dawo gida bayan Babbar Sallah, da niyyar zama a Jigawa ya koyar.

Mahaifinsa, Malam Haladu, manomin gero da riɗi ne. A ƙofar gidansa ake ciyayyar unguwarsu tun zamanin kakan Rabi'u: idan an idar da magariba, kowane magidanci ya sa a fito da tuwon gidansa, a jera kwanuka a tabarma, a ci tare. Ranar da Rabi'u ya sauka ina wurin. Dattawa suka matsa masa wuri kusa da mahaifinsa, suna zolayarsa wai sun ji an ce a can da cokali ake cin komai, ko ya manta da loma. Ban taɓa ganin Malam Haladu yana dariya irin ta ranar ba.

Ba a jima ba kuka yi shirinku. Ga abubuwan da nake son magana a kansu.

Na farko. Mai gabatarwa ya ba da labarin haɗarin da ya faru a Yukren da wanda ya faru a Japan. Wannan ba ni da ja a kai. Sun faru, an yi asarar gidaje da gonaki, an tashi garuruwa, kuma manomin da ya ji an bar ƙasar noma ba a shukawa yana da hakkin ya tsorata. Ni ma ina koyar da su a aji ba tare da ɓoye komai ba.

Na biyu. Wani ya kira ya ce duk wanda ya taɓa shiga irin wannan tasha ya kwaso guba a jikinsa, tana fita ta guminsa da tafin hannunsa, kuma wanda ya ci abinci da shi ba zai ƙara haihuwa ba. Mai gabatarwa bai tambaye shi inda ya samo wannan ba. Ya yi salati, ya gode masa, ya ce jama'a sai a kula. Babu likita a ɗakin, babu masani. Bayan nan aka yanko wannan wuri ana ta tura shi ta waya, da tambarin gidanku a kai.

Ranka ya daɗe, maganar ba gaskiya ba ce. Tururin nukiliya ba cuta ba ce da ake shafa wa wani. Wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa da irin wannan tururi a asibitin Jahun ba ya komawa gida ya cutar da iyalinsa. Ma'aikacin tasha kuwa yana rataye da na'urar awo a jikinsa, kuma ba ya fita sai an duba shi. Ko a lokacin haɗari, abin da ake tsoro ƙura ce da ke maƙalewa a tufa da fata, ita ma wanke ta ake yi. Rabi'u bai taɓa ganin haɗari ba, karatu ya je.

Na uku, wanda shi ne ya hana ni sukuni. A makon da aka yi shirin, kwanuka suka fara raguwa a ƙofar Malam Haladu. Ba wanda ya faɗi magana marar daɗi. Wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce yana da baƙi. Kafin a ankara ciyayyar ta koma wata ƙofa. A masallaci ana barin ɗan fili a gefen Rabi'u, a wurin da aka saba haɗa kafaɗa. Ƙanwarsa ta haihu, aka hana shi ɗaukar jaririn. Daga ƙarshe mahaifinsa ya roƙe shi, cikin kunya, ya riƙa cin nasa a cikin zaure shi kaɗai, ko maƙwabta za su dawo. Rabi'u ya amsa da to. Maƙwabtan ba su dawo ba. Yanzu uban yana ci a waje shi ɗaya, ɗan yana ci a ciki shi ɗaya, bango ne kawai a tsakaninsu.

Na hau babur na je na zauna da Malam Haladu. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na san ba za ka cuce ni ba. Amma kai malaminsa ne, kana son sa. Rediyo kuwa bai san shi ba." Ya ce shi ya tsufa, ba ya tsoron komai a kansa, amma yana da jikoki, kuma ba zai iya ce wa mutanen gari su ƙaryata abin da suka ji da kunnensu ba. Sai ya kau da kai yana share ido da bakin rawaninsa.

Rabi'u bai yi fushi da kowa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ya gaya mini ya nemi aiki a ƙasar da ya yi karatu, sun amsa, zai tafi da zarar an gama girbi. Ya ce gara ya yi kewar mahaifinsa daga nesa.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Ku sake shirin a ranarsa da lokacinsa, da likita da masanin fannin, kuma mai gabatarwar nan da bakinsa ya ce abin da aka faɗa kuskure ne. Sannan ku ba Rabi'u dama ya zauna a ɗakin ya amsa tambayoyin jama'a, har da masu zafi. Ba na neman a hukunta kowa, ba na kuma neman ku ce nukiliya ba ta da haɗari. Ku dai raba wa mutane abin tsoro da abin da ba na tsoro ba.

Gero ya riga ya fara nuna. Da zan taho, Malam Haladu ya rako ni har bakin hanya, ya tambaye ni ko waɗanda suka faɗi maganar a rediyo za su yarda su warware ta. Na ce masa zan tambaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa muryar gidanku ta zama sanadin haɗa mutane, ya kare ka daga ganin ranar da za ka ji tsoron hannun ɗanka.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
Malam Isyaku, malamin kimiyya, Dutse.