Tanar Roba Mai Zanen Yatsanka

Zuwa ga mahaifina, Baba Idirisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai na kammala jami'a, fannin kimiyyar sinadarai. Ba ka ga ranar ba. Ummi ta je da gilashinka a jaka.

Ka tuna saman benenmu na unguwar Utaibiyya, inda kake narkar da roba a tsohuwar tukunya? Ka koya mini cewa fara take kamar madara, sai ta yi zafi ta koma garau, sannan a ɗiga launi a zuba a ƙalib, mazubin da ka yi da jibs, farin garin nan mai daskarewa kamar siminti. In ta huce a zaro ta da siffar tsutsa, a soka wa ƙugiya, ranar Juma'a ka tafi bakin tekun Shu'aiba ka ruɗi kifi.

Ina ƙarama, Larabci ya fi Hausa zama a bakina. Ka ce, "Miƙo min tana." Na tsaya jiran sauran zancen, na ce, "Tana me?" Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Tana jiran kifi." Daga baya na gane tana tsutsar ƙasa ce, wadda kakanmu ke tonowa a bakin kogin Yawuri. Har yau ban taɓa ganin mai rai ba. Taka kaɗai na sani.

Da yumɓu ka mulmula tanar farko, jibs ya ɗauki zanen babban yatsanka. Duk tanar da ta fito daga ƙalib ɗin, akwai shi kusa da wutsiya. Ban lura ba sai bayan an yi maka salla a Masallacin Harami, na gan shi a cikin ƙalib ɗin. Na nemi ko ɗaya a akwatinka, ashe ka rabar wa abokan kamun kifi.

Baba, ƙalib ɗin ya tsage. Na auna tsagar, na sake aunawa, ta kai rabin tsawonsa. Na san jibs da ya tsufa ba ya jure zafin digiri ɗari da saba'in. In na zuba, zai iya rabewa. In na bari, zai ci gaba da marmashewa. Kabarinka kuma ba suna, ba alama, kamar na kowa a garin nan.

Makonni ina juya shi a hannu. Ummi ta ce, "Ya binti, 'yata, ubanki bai yi shi don kallo ba."

Jiya da hantsi na zuba. Na ji ƙas, ya rabe biyu. Na jira ta huce, na zaro ta a hankali. Ja ce, gefe guda ya ɗan karkace, amma zanen ya fito duka. Na ɗora yatsana a kai.

Ba zan soka mata ƙugiya ba, ka yafe mini. In ka tambaye ni tana me, tana nan, Baba. Tana jira.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga Alkausara, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

'Yarka mai yawan tambaya,
Rukayya